Idan Maigida Ya Sauka a Gidan Maigida

Baƙi kala-kala ne. Akwai wanda saukarsa ba ta da wahala: ɗan makaranta ne ya zo hutu, ko abokin ƙaninka ya shigo birni neman aiki. A shimfiɗa masa tabarma a ɗakin samari, a miƙo masa kwanonsa, in yana bukatar wani abu ya tambaya. Shi da kansa ya san inda ƙafarsa za ta tsaya. Akwai kuma baƙon da ke sa uwargida zabga tagumi. Dattijo ne, maigida ne a garinsu, ya shekara 40 makullin rumbu na rataye a wuyansa, bai taɓa neman izinin kowa ba kafin ya ce a rufe ƙofa. Ganin likita ya kawo shi, kuma zai kwana biyu. Ba mugunta ba ce, ba raini ba ne, bakinsa ne kawai ya saba da umarni. Ana idar da sallar isha'i zai ce wa yara su danna sakata, alhali mai gidan bai dawo daga kasuwa ba. Gari na wayewa zai ce a auno tiya 5 a kai niƙa, bai san abincin mako ke nan ba. A bi maganarsa gida ya rikice, a ƙi bi a ci mutuncin babba.

Duk wanda ya so kunna Ubuntu ko Kali Linux a cikin 'yar taga, alhali Windows na can yana aikinsa a laftof ɗaya, irin wannan baƙon ya gayyato. Chrome da Word 'yan ɗakin samari ne. Wurin ajiya suke so, su roƙa. Intanet suke so, su roƙa. Windows ya ba su ko ya hana. Linux kuwa ba yaron kowa ba ne. Babbar manhaja ce kamar Windows, an rubuta ta ne bisa zaton kwamfutar gaba ɗaya tata ce: ita ke raba ram, ita ke cewa wane aiki ya shiga wane ya jira, ita ke magana da faifan ajiya kai tsaye. Abin da masu ƙera kwamfuta suka shafe shekaru suna fama da shi ke nan: yaya za a bar baƙo ya yi mulkinsa yadda ya saba, ba tare da mulkin ya taɓa gidan ba?

Kafin a yi nisa, a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai masu raba faifan ajiya gida biyu, Windows a ɓangare ɗaya, Linux a ɗayan, duk sanda aka kunna kwamfuta a zaɓi mai shiga. Wannan karɓa-karɓa ce. Dattawan ba sa haɗuwa; ɗaya na fita ɗaya ke shigowa, kowa ya yi mulkinsa cikakke a ranarsa. Mai wannan tsarin ba ruwansa da saitin da za mu yi magana a kai. Tamu ita ce ɗaya hanyar, inda manhaja irin VirtualBox ko VMware Workstation ke ƙirƙiro kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske, su biyun suna aiki lokaci guda, har ka kwafo rubutu daga wannan ka liƙa a wancan.

Sai mu leƙa tsarin gidan. Furosesar da ke cikin galibin laftof, ta Intel ce ko ta AMD, tana da matakan iko 4, daga 0 zuwa 3. Mataki na 0 shi ne turakar maigida, kuma mazaunin nan kaɗai ke iya ba da manyan umarni. Na 3 shi ne ɗakin samari. Na 1 da na 2 kusan kullum babu mai zama a cikinsu. In ɗan ɗakin samari ya yi karambanin ba da umarnin turaka, furosesa ba ta aiwatarwa, sai ta dakatar da shi ta kai ƙara wurin maigida.

Daga wannan kai ƙarar aka samo dabara ta farko, kuma tsohuwa ce. Kamfanin IBM ya yi ta a manyan kwamfutocinsa tun shekarun 1960, ya fito da VM/370 a 1972. A sauke dattijo a ɗakin da ba shi da iko, a bar shi yana zaton turaka ce. Duk umarnin da ya bayar a kai wa mai gidan, shi kuma ya aiwatar gwargwadon da ba zai cutar da kowa ba. Ya ce a rufe ƙofa, a rufe ta ɗakinsa, a ce masa an rufe. A 1974 masana biyu, Gerald Popek da Robert Goldberg, suka rubuta sharaɗin wannan dabara: tilas duk umarnin da ke taɓa mulkin gida ya zama irin wanda ake kai ƙararsa in ya fito daga bakin da bai dace ba. Ko ɗaya kada ya sulale.

Furosesar Intel ta da ba ta cika sharaɗin ba, don ba da tunanin saukar baƙi aka zana ta ba. Wani bincike na shekarar 2000 ya ƙirga umarni 17 masu sulalewa a Pentium. Ɗaya daga cikinsu, POPF, ya isa misali. Da shi babbar manhaja kan iya cewa kada kowa ya katse ta har ta gama wani aiki mai hatsari. In daga turaka aka faɗa, sai a bi. In daga ɗakin samari ne, furosesa ba ta bi ba, ba ta kai ƙara ba, ba ta kuma ce wa mai maganar uffan ba. Dattijo ya ce kada yaro ya taɓa masa ƙofa, zai ƙirga kuɗi. Yara suka yi kunnen uwar shegu, ba wanda ya gaya wa mai gidan an yi maganar. Ya baje kuɗinsa a tabarma ya saki jiki, sai ga ƙofa an banko. A kwamfuta, ƙarshen irin wannan shi ne baƙo ya daskare ko bayanansa su dagule.

Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998 a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya fito da mafita a 1999: a haɗa dattijo da ɗan rakiya. Yaro ne mai kaifin kunne, ba ya barin gefensa, duk kalmar da za ta fito daga bakin baƙon sai ya tare ta ya auna. Mara illa ya bar ta ta wuce, mai illa ya musanya ta da wata kafin ta isa kunnen 'yan gida. Haka manhajar ke yi, ta karanta umarnan baƙo kafin furosesa ta gan su, ta sake rubuta masu hatsarin. Aiki ne na gwaninta, ya kuma yi wa mutane hidima shekara da shekaru. Sai dai ɗan rakiya ma ciki gare shi, daga tukunyar gidan yake ci.

Tun ran gini ran zane. Masu ƙera furosesa suka gane gyaran na gaskiya a jikin ginin yake. A Nuwamban 2005 Intel ya fito da VT-x a cikin Pentium 4 samfurin 662 da 672, a 2006 AMD ma ya fito da nasa, AMD-V. Sashe guda cikakke suka fitar a cikin gidan, mai turakarsa da ɗakin samarinsa. Yanzu dattijo a mataki na 0 yake zaune da gaske, umarninsa na zarcewa ga furosesa ba mai tace masa. Amma sashen kewaye yake da katanga, kuma mai masauki ne ke rubuta jerin abubuwan da in baƙo ya taɓa su komai zai tsaya cak a kira shi. Ya zo ya duba, ya biya bukatar, ya koma, baƙo ya ɗora daga inda ya tsaya, bai ma san an dakatar da shi ba. Ɗan rakiya ya huta da bin baya, ya koma zaman bakin ƙofa yana jiran kira.

Ba a rana ɗaya aka gama ginin ba. A 2006 wasu injiniyoyin VMware biyu suka gwada tsohuwar hanya da sabuwa, suka tarar a ayyuka da dama ɗan rakiya ya fi sauri, saboda kiran bakin ƙofa ya yi yawa, kowane kira kuma yana cin lokaci. Kira mafi damuwa a kan sito ne, wato ram. Baƙo na da lissafin buhunansa, na 1, na 2, na 3, alhali a siton gaske buhunsa na 1 wataƙila shi ne na 700. Duk sanda ya sauya lissafinsa sai mai masauki ya zo ya daidaita nasa littafin. AMD a 2007, Intel a 2008, suka koya wa furosesa haɗa lissafin biyu da kanta; na Intel sunansa EPT, na AMD kuma RVI. Daga nan baƙo ya fara sakewa kusan kamar a gidansa yake. A kan wannan gini mai masaukin baƙi KVM ya tsaya, wanda ya shiga cikin Linux a 2007, haka ma takwaransa Hyper-V na Microsoft a 2008.

Inda gizo ke saƙar shi ne, sashen nan yana cikin kusan kowace laftof ta zamani, amma da yawansu, musamman waɗanda suka kwana biyu, sun baro masana'anta da kwaɗo a ƙofarsa. Dalilin da aka fi kawowa shi ne yawancin masu saye ba za su taɓa sauke baƙo ba, ɗakin da ba a amfani da shi kuwa gara a kulle. Akwai kuma tsoro. A Agustan 2006, a taron Black Hat na birnin Las Vegas, wata masaniyar tsaron kwamfuta 'yar ƙasar Foland, Joanna Rutkowska, ta nuna wata manhaja mai suna Blue Pill da ke amfani da AMD-V ta juya lamarin: ita ta zama mai masauki, ta tura Windows sashen baƙi yana cikin aiki bai sani ba. Ɓarawo ya hau turaka, maigida na can sashe yana ta ba da umarni cikin jin daɗi. Masana sun yi ta jayayya kan ko ana iya gano irin wannan, amma wanda ya ji labarin ba zai ga laifin kwaɗo ba.

Makullin kwaɗon ba ya hannun Windows. Yana hannun BIOS, wanda sabon samfurinsa ake kira UEFI. Shi ne mai gadin da ke tashi da asuba. Da an danna maɓallin kunnawa, kafin tambarin Windows ya bayyana, shi ke zagaya gida, ya duba ram, ya duba faifai, ya buɗe abin da aka ce ya buɗe, sannan ya tada maigida ya miƙa masa gida. A furosesar Intel akwai wani ɗan gurbi da yake rubuta a buɗe ko a rufe, ya danna masa sakatar da ba ta sake motsi sai an kunna kwamfutar daga tushe. Shi ya sa maigida, duk ikonsa, ba ya iya buɗe sashen da rana tsaka. Ko kayan aikin da kamfanonin laftof ke fitarwa don sauya saiti daga cikin Windows, saƙo kawai suke bar wa mai gadi, sai asuba ta gaba ya aiwatar. Wanda ya ba ka wata manhajar da ba a san asalinta ba ya ce za ta buɗe maka nan take, ka yi hattara da shi.

Gane kulle ba shi da wuya. A Windows 10 ko 11 ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance, ka zaɓi CPU. A ƙasa ta dama akwai layin Virtualization, gabansa an rubuta Enabled ko Disabled. A Linux, umarnin lscpu kan nuna VT-x ko AMD-V. VirtualBox ma ba ya ɓoye-ɓoye, zai rubuta maka "VT-x is disabled in the BIOS", ko ka buɗe jerin baƙin da za a iya saukewa ka ga 'yan 32-bit kaɗai, 'yan 64-bit sun ɓace. Tun samfurin 6.1 na Disamban 2019 ya sallami ɗan rakiya gaba ɗaya; in sashen a kulle yake, ba baƙon da zai sauka, babba ko ƙarami. Wannan ne ke ba wanda ya saba yi a da ba tare da taɓa BIOS ba mamaki.

A layin masu gyara, ko Beirut Road ta Kano ko wata 'yar rumfa a bakin makaranta, zancen ba baƙo ba ne. Ɗalibi ya ajiye wata HP EliteBook 'yar Kwatano a kan tebur.

"Yaya, ina jin Windows ɗin nan ne ya lalace. Malaminmu ya ce mu ɗora Kali. VirtualBox ya hau lafiya lau, amma ina danna kunnawa sai wani dogon Turanci ya fito. Ko sake lodi za a yi?"

"Ƙanena, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Miƙo caja."

Ya jona caja, ya kashe ta, ya ɗora yatsa a kan Esc, ya danna maɓallin kunnawa ya shiga ƙwanƙwasawa ɗas-ɗas-ɗas. 'Yan layuka suka fito, ya danna F10. Ga wani shafi ba hoto ba ado. Ya bi da maɓallan kibiya zuwa Advanced, ya shiga System Options, ya tsaya a kan layin Virtualization Technology. Ɗan akwatin gefensa fayau, ba komai. Ya sa masa alama, ya adana, ya fita. Windows ya tashi, aka danna Kali, sai ga tambarinsa ya cika tagar.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Dama tana da shi, a kashe yake."

"To nawa zan bayar?"

"Je ka abinka. In ka zama injiniya ka tuna da ni."

Kowane kamfani da ƙofar da ake bi a iske mai gadinsa. Dell da Acer da Asus galibi F2 ne, ThinkPad na Lenovo F1, ko Enter sannan F1. In kwamfutar ta fi yatsanka sauri, akwai hanya ta cikin gida: ka danne Shift ka zaɓi Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, UEFI Firmware Settings. Sunan abin ma yana sauyawa. Dell kan ware masa shafi mai suna Virtualization Support, ThinkPad kan ajiye shi ƙarƙashin Security, masu furosesar AMD kuma sau da yawa SVM Mode suke rubutawa. Kusa da shi za ka iya ganin VT-d. Wannan daban ne, na buɗe wa baƙo hanya kai tsaye zuwa wata na'urar gidan, ba shi VirtualBox ke nema ba. Bayan an adana, in Task Manager ya nace a kulle yake, a kashe kwamfutar gaba ɗaya a sake kunnawa; wasu injinan sai wuta ta yanke musu sannan sakatar ke saki.

Makullai da yawa ne a hannun mai gadi, kai ɗaya ka zo nema. Ka karɓi naka ka fita. Wanda ya sauya layin SATA daga yadda ya tarar da shi, Windows na iya ƙin tashi ya nuna masa shuɗin allo. Wanda ya taɓa Secure Boot ko ya share TPM a kwamfutar da BitLocker ke kulle da faifanta, ana iya cewa ya kawo wata lamba mai alƙaluma 48 kafin ya sake ganin fayilolinsa, kuma in bai ajiye ta ba, ba mai gyaran da zai ƙirƙiro masa ita. Kafin shiga, a nemo lambar a asusun Microsoft a rubuta a takarda, a kuma ɗauki hoton shafi da waya kafin a sauya komai a cikinsa.

Wani lokaci mai gadin ne zai tare ka ya ce bai san ka ba. Da yawa daga cikin 'yan Kwatanon nan daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu sun taho da kalmar sirrin da aka sa wa BIOS a can. Windows zai tashi lafiya, ka yi wata da watanni ba ka sani ba, sai ranar da ka zo buɗe sashen baƙi. A tsofaffin kwamfutocin tebur, cire ɗan batirin da ke jikin allon ciki kan goge kalmar. A laftof ɗin ofis irin ThinkPad a wani guntu daban take, cire batir ba ya yi mata komai. Maganin wannan a wurin ciniki yake. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka ce mai sayarwa ya shiga BIOS a gabanka, ya sauya abu ɗaya ya adana.

Akwai wanda ya fi waɗannan ɗaure kai. An buɗe, Task Manager ya ce Enabled, amma baƙo na ta jan ƙafa, kuma a ƙasan tagar VirtualBox ga hoton wani ɗan koren kunkuru. Abin da ya faru, dabarar da aka ji tsoro a 2006 ce ta koma kayan tsaro. Microsoft ya zaunar da Hyper-V a turaka ta gaske, ya mayar da Windows kansa sashen baƙi da gangan, don a samu wani lungu da ko ɓarawon da ya ci Windows da yaƙi ba zai kai gare shi ba. Shi ne ake gani da sunan Memory integrity a cikin Windows Security, kuma sababbin laftof masu Windows 11 galibi a kunne suke zuwa da shi, su ba kwaɗo a ƙofarsu. WSL 2 da Windows Sandbox ma a kan tsarin suke. VirtualBox ya zo wurin Windows neman makulli, ashe Windows shi ma a masauki yake. Dole ya bi ta hannun Hyper-V, abin da ya iya tun samfurin 6.0, amma ba da saurin da ya saba ba. Zaɓi ya rage naka: ka kashe Hyper-V da Memory integrity ka samu sauri ka rage tsaro, ko ka haƙura da kunkuru, ko kuma, in layin umarnin Linux kawai kake so don karatu, ka yi amfani da WSL 2 ɗin ka huta. Kwamfutar da kake shiga asusun banki da ita dai ba wadda za a rage wa tsaro don aikin mako guda ba ce.

Sai abin da aka fi ruɗuwa a kansa. Buɗe sashe ba ya ƙara hatsi a sito. Wasu na kunna saitin da zaton kwamfuta za ta ƙara gudu, alhali izini kawai aka bayar, ba ƙarfi aka ƙara ba. Abin da baƙo zai ci, daga rabon gida ake ɗiba. Windows 11 shi kaɗai yana neman ram 4GB mafi ƙaranci. Laftof mai 4GB da aka yanka wa baƙo rabi, daga maigida har baƙo da yunwa za su kwana. Mai 8GB ya ba da 3 ko 4, kada kuma ya wuce rabin ƙwayoyin furosesa. Ma'aunin nan mai kore da ja da VirtualBox ke nunawa ba ado ba ne, a tsaya cikin koren. Faifan SSD ya fi mai juyawa nesa ba kusa ba, tunda mutum biyu ke ɗiba lokaci guda. Batir zai fi saurin sauka, fanka ta yi ta huci, abin da mai aiki inda wuta ba ta zama ya kamata ya sa a lissafi.

In an yi daidai ruwa daidai tsaki, riba tana da yawa. Ɗalibi ya lalata Linux ɗinsa da safe, ya mayar da shi yadda yake jiya da abin da VirtualBox ke kira Snapshot, Windows bai ji ko ƙwarzane ba. Mai shagon da tsohuwar manhajar lissafinsa ba ta tashi sai a Windows 7 ya ajiye ta a sashe ya yanke mata intanet, tunda Microsoft ya janye wa jama'a gyaran tsaron Windows 7 a Janairun 2020. Amma katangar gwargwadon yadda ka bar ta take. Kowace foldar da ka raba tsakaninsu, kowane filash da ka miƙa wa baƙo, ƙofa ce ka huda. Mai gwada fayil ɗin da yake zargi ya toshe su duka kafin ya fara.

Saboda haka mai laftof ya bi tambayoyin a jere. Furosesar tana da sashen? Wasu tsofaffin Atom da Pentium da Core 2 Duo ba su da shi, ba kuma saitin da zai gina musu. Shafin Intel na bayanan furosesa zai faɗa maka in ka rubuta lambarta. A buɗe yake? Wannan aikin 'yan mintoci ne, kyauta. Wani ya riga ka shiga? Duba kunkuru. Sito zai ɗauki mutum biyu? Wannan kaɗai ce mai cin kuɗi. In amsarta a'a ce, kada a tilasta: a zaɓi Linux mara nauyi irin Lubuntu, ko a kunna shi daga filash ba tare da an taɓa faifai ba, ko a koma karɓa-karɓa. Kuɗin da za a kashe wajen sake loda Windows a kan laifin da ba nasa ba, gara a tara shi a ƙara wa laftof ɗin ram, in tana da gurbin ƙari.